Abincin da Ba Ya Buƙatar Wuta

Kwana goma sha ɗaya Isyaku ya yi yana jigilar wake. Ya ɗauko daga Daurawa, ya ɗauko daga Darmanawa, ya shiga lungunan Babban Giji inda sai ya naɗe madubin Adaidaita Sahunsa kafin ya wuce. Duk inda aka kira shi aka ce ga gudummawa, sai ya je ya ɗora ya kawo garejin Alhaji Abdulmalik da ke Gyadi-Gyadi. Akwai masara tsaba, akwai dawa buhu huɗu, akwai tsofaffin tufafi ƙunshe cikin zannuwa, amma wake ya fi komai yawa. Alhaji Abdulmalik ne ya fara ajiye buhu goma sha biyar, zakkar gonakinsa ta bana. Mutanen unguwa kuwa da suka ga abin da babba ya kawo, sai kowa ya bi sawu.

Kayan na mutanen Tungar Faru ne, ƙauyen su Isyaku, can cikin Zamfara. Wata biyu ke nan da 'yan bindiga suka aiko wa ƙauyen cewa a tashi, aka kuwa tashi. Yanzu suna zaune a makarantar firamare ta Marken Dutse, garin da ke bakin kwalta, kowane aji gida shida ko bakwai. A cikinsu akwai Jummai, yayar Isyaku, wadda ta goye shi bayan rasuwar innarsu, tare da 'ya'yanta huɗu. Mijinta yana cikin waɗanda aka binne kafin a tashi.

Shekarar Isyaku shida a Kano, bai taɓa roƙon kowa komai ba. Labarin ma sau ɗaya ya faɗe shi, bayan sallar La'asar, yana ɗaure takalmi. Liman Malam Shehu ya ji, ya maimaita ranar Juma'a, kafin Lahadi an kafa kwamiti. Tun daga nan mutanen da a da ba sa amsa gaisuwarsa sosai suka fara tsayar da shi a hanya suna tambayar mutanen gida. An shirya motar Kabiru za ta tashi ranar Alhamis da sassafe, don ta riski ayarin da ake wa rakiya daga Funtuwa. Wanda ya rasa ayarin Alhamis, sai ya jira wani mako.

Ranar Talata da hantsi Jummai ta kira. A Marken Dutse waya ba ta shiga sai a saman tsohon tankin ruwa da ke bayan makarantar, kuma wayar ta wani malamin makaranta ce, ana bin layi a hau tsani a yi magana a sauko. Isyaku ya gangara gefen titi kusa da kasuwar Tarauni ya kashe mashin.

"Auta, kana ji na?"

"Ina ji, Yaya. Jibi kaya za su taso. Gareji ya cika har bakin ƙofa."

"Alhamdu lillahi. Allah ya saka musu da alheri. Me da me aka samu?"

"Wake ne ya fi yawa. Sai masara."

Ya ɗauka layin ne ya yanke, har ya duba fuskar wayar. Iska kawai yake ji tana kaɗawa a can saman tankin.

"Masarar tsaba ce ko gari?"

"Tsaba."

"To. Allah ya amfana."

Ya san muryar nan. Da ita take cewa ta ƙoshi tun yana yaro, ranar da tuwo bai kai ba. Ya ce ta faɗa masa abin da ke nan. Ta ce ba komai. Ya ce ya haɗa ta da Allah. Nan ta faɗa, a hankali, kamar mai ba da labarin wasu mutane daban.

Mai injin niƙan garin ya kwashe iyalinsa ya tafi Gusau. Turmi uku suka taho da su daga ƙauye, biyu sun riga sun shiga murhu. An ƙone bencin 'yan makaranta, an ƙone tagogi, an sare darbejiyar da ke filin taro har kututture. Yanzu itace sai a dajin da ke tsallaken rafi. Maza ba sa zuwa, don namiji in suka gan shi harbi ne. Mace kuwa wani lokaci sukan bar ta ta wuce, shi ya sa mata ke zuwa. Kowane aji yana fitar da mace ɗaya, bi da bi. Ranar Asabar da ta wuce mata bakwai suka tafi, biyar suka dawo. Rukayya ta gidan Maƙeri tana cikin biyun da ba su dawo ba, ta bar jariri na goye.

"Waccan karon ma da wata ƙungiya ta kawo abinci, wake ne," in ji Jummai. "Wake kuwa ka san halinsa. Itacen da zai yi mana tuwo kwana uku, tukunya ɗaya yake cinyewa."

"Yaushe layi zai zo kanki?"

"In an sauke kaya Juma'a, Asabar ni ce. Ranar da abinci ya zo an fi fita da yawa. Auta, kada ka kuskura ka kai wa bayin Allahn nan maganar nan. Ba a mayar da hannun kyauta baya. Mu da muka fito da zani ɗaya, mu ne za mu ce ga irin wanda muke so? Ka ji ni ko?"

Kafin ya amsa, wata murya daga ƙasa ta ce a sauko haka, wasu ma suna da 'yan'uwa. Wayar ta mutu.

Kowace Talata Isyaku ne ke ɗauko wa Maman Chisom kaya daga Sabon Gari. Sunanta Virginia, amma ba mai kiran ta haka a kasuwar Tarauni, inda ta shekara ashirin da wani abu tana sayar da garin rogo da manja da wake da busasshen kifi. Hausarta ta fi ta wasu 'yan birnin kaifi. Ya sauke mata buhunan ɗaya bayan ɗaya, ya juya zai tafi.

"Direbana, yau budurwa ta ce ba ta yi ne?"

"Ba haka ba ne, Maman Chisom."

"To me ya sa ka zo min da fuska kamar an aiko ka ta'aziyya? Zauna. Ba ka isa ka bar min rumfa da wannan fuskar ba, sai ka kore min masu saye."

Ya zauna a kan benci. Jummai ta ce kada ya faɗa wa masu kyautar, ita kuwa wannan ba ta cikin kwamiti, duk da ta ba da jarkar manja. Ya faɗa mata duka. Ta saurara tana kore ƙuda daga kan kifi. Da ya gama, ba ta ce Allah sarki ba. Ta ɗauko ƙaramar roba, ta ɗebi gari da gwangwani ta zuba, ta fasa ƙuli-ƙuli biyu a kai, ta yayyafa sukari, ta huda ledar ruwa da haƙori ta tsiyaya. Ta miƙa masa.

"Ina wutar?"

Ya dubi robar.

"Na ce ina wutar da na hura? Uwata ta ga yaƙi tana yarinya, can ƙasarmu. Ta ce a lokacin hayaƙi ne ke kiran jirgin yaƙi. Duk gidan da ya ɗora tukunya, ya aika wa jirgi goron gayyata. Wata shida suka yi a daji, wannan ne ya riƙe su. Har ta mutu ba ta yarda a zubar da ko ƙwayar gari a gabanta. Akwai ruwa a inda suke?"

"Akwai tuƙa-tuƙa a makarantar. Tana aiki."

"To me kake jira?"

Isyaku ya san garin kwaki sarai. Shi ne abincinsa duk ranar da mashin ya kwana a wajen bakanike. Abin da ya hana shi tunawa shi ne, gari abu ne da mutum ke jiƙawa a ɗaki ya rufe ƙofa. Bai taɓa ganin an ɗora shi a mota an ce gudummawa ba ce.

"Ku kawo waken," in ji Maman Chisom. "Masu ƙosai da alale kullum suna nema. Ni da matan layin nan za mu musanya muku da gari, kwano da kwano, ba wanda zai cuci wani. Ƙuli kuwa matan Darmanawa suna da shi kamar ƙasa. Sha mana, kada ya kumbura ya zama teba."

Bayan sallar Azahar ya tarar da Alhaji Abdulmalik zaune a kan tabarma a ƙofar gareji, shi da Malam Shehu da Kabiru mai mota. Alhaji dattijo ne mai fara'a, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, wanda ya san nauyin buhu da ido. Isyaku ya cire takalmi ya durƙusa daga gefen tabarmar. Ya gaishe su. Ya yi godiya a madadin mutanen Tungar Faru. Ya sake yin godiya. Sannan ya ce wai an ce itace yana ɗan wahala a can.

"Ai ko'ina haka ne," in ji Alhaji. "Ka tambayi Hajiya kuɗin gas. Su jiƙa waken ya kwana, su jefa masa kanwa, nan da nan zai nuna. Kabiru, tuna min a sa kanwa a motar."

"To, Alhaji."

Magana ta koma kan tayoyin mota. Isyaku yana durƙushe yana kallon buhunan da ya jera da hannunsa har rufi. Ya lissafa kwanaki, Laraba, Alhamis, Juma'a. Sai ya ji bakinsa ya buɗe, ya faɗi maganar mata bakwai da biyar, da Rukayya, da Asabar mai zuwa. Ya faɗi abin da Maman Chisom ta ce. Bai ɗaga kai ba har ya gama.

Kabiru ne ya fara yin dariya, gajeriya, ya haɗiye ta.

"Garin kwaki?" in ji Alhaji. "Malam Isyaku, unguwa guda ta yi kwana goma sha ɗaya tana tara kaya, a ƙarshe a ce mutanen Gyadi-Gyadi sun aika wa 'yan'uwansu garin kwaki? Da wane ido za mu dubi mutane? In wuta ce matsalar, a sa musu gawayi."

"Motata ɗaya ce, Alhaji," in ji Kabiru. "Gawayin da zai dafa waken nan ya fi waken cin wuri. Ko dai wannan ko wancan."

Alhaji ya gyara zama. Fara'ar ta ragu, amma ba fushi ya yi ba.

"Bari in faɗa maka gaskiya, yaro. Ko na so, waken nan ba nawa ba ne. Haƙƙin Allah ne. Wake na noma, wake zan fitar. Haka na taso na ga mahaifina yana yi. In na juya shi ya zama garin rogo da ban shuka ba, gobe kiyama me zan ce na fitar? Ko ba haka ba, Malam?"

Malam Shehu mutum ne da ba ya gaggawar magana. Ya ɗan jima yana jan carbi.

"Haka ne, Alhaji. Kai ba za ka canza ba. Amma in zakka ta shiga hannun mai ita, ta zama dukiyarsa. Ya ci, ya kyautar, ya musanya, ba ruwan kowa. Kuma ba dole sai ya taɓa ta da hannunsa ba, yana iya wakilta wani ya karɓar masa." Ya juya ga Isyaku. "Sai dai da bakinsu za su faɗa, mu ji. Kai ɗan aike ne. Ɗan aike ba ya naɗa kansa wakili."

"In sun ce ba sa son wake, in ji da kunnena, shi ke nan," in ji Alhaji. "Ni ba zan ɗora wa kowa abin da ba ya so ba."

Isyaku ya tashi ya sa takalminsa. Abin da aka nema shi ne abu ɗaya da ya san Jummai ba za ta yi ba. Duk da haka ya tura wa malamin makarantar saƙo cewa don Allah gobe da hantsi a ba yayarsa waya, manyan unguwa suna son jin muryarta. Ya yi sauran yinin yana ɗaukar fasinja tsakanin Dangi da Tarauni, sau biyu yana wuce inda aka ce ya tsaya.

Ranar Laraba tun ƙarfe tara suna ƙofar gareji. An ƙaru da mutum uku daga cikin kwamiti, waɗanda suka ji ƙishin-ƙishin cewa 'yan gudun hijira sun raina kaya. Ɗaya daga cikinsu ya ce shi dama ya sani, ɗan Adam ba a iya masa. Wayar tana kan tabarma a tsakiya, kowa yana satar kallonta. Sai wajen goma da rabi ta yi ƙara. Isyaku ya buɗe lasifika.

"Yaya, ga Alhaji Abdulmalik, ga Malam Liman, ga sauran iyayenmu. Suna jin ki."

Jummai ta yi sallama. Ta gaishe da Alhaji, ta tambayi iyali, ta tambayi kasuwa, ta tambayi gajiya. Ta gaishe da Liman haka nan. Sannan ta shiga addu'a: Allah ya ƙara arziki, Allah ya tsare gaba da baya, Allah ya sa a mizani, yadda suka tuna da su Allah ya tuna da su ranar da uwa ba ta tuna ɗa. Mutanen suna amin, amin. Isyaku yana jin iskar saman tankin, yana kuma jin masu jiran layi sun fara gunaguni a ƙasa.

Alhaji ya matso kusa da wayar ya ɗaga murya, kamar yadda dattawa ke yi.

"Baiwar Allah, tambaya ɗaya zan yi miki, ki faɗa min tsakaninki da Allah. Waken nan da muka tara, kuna so ko ba kwa so?"

"Muna so, Alhaji. Wallahi muna so. Wa zai ƙi alheri? Allah ya saka."

Mutumin da ya ce ɗan Adam ba a iya masa ya dubi Isyaku. Alhaji ma ya dube shi, ya buɗe tafin hannu. Isyaku ya sunkuyar da kai yana kallon saƙar tabarma.

Malam Shehu ya jawo wayar gabansa.

"Jummai ko? Liman ne. Ba zan tambaye ki abin da kuke so ba. Kayan nan da ke gabanmu, Alhaji da mutanen unguwa sun ba ku. Kun karɓa?"

"Mun karɓa, Malam, hannu bibbiyu."

"Madalla. To yanzu naku ne, ba na Alhaji ba. Ga shi kuna nesa, kaya kuma ba sa zama ba mai kula. Kun yarda ƙaninki Isyaku ya zama wakilinku, ya riƙe muku, ya yi duk abin da ya ga zai fi muku amfani da su?"

Isyaku ya san ta gane. Ya kuma san tana auna ko wannan ma mayar da hannun kyauta ne ta bayan gida.

"Malam, ni kaɗai ba zan yanke wa mutane ba. Bari in tambaya."

Suka ji ta juya tana kwala magana ƙasa. Suka ji hayaniya, wata tsohuwa tana tambayar wane Isyaku, wata tana cewa na gidan Inna Delu mana, mai kunnuwan nan. Kabiru ya toshe baki. Wata murya ta namiji ta ce a gaya wa Liman cewa mai unguwarsu yana nan, ya ji, ya yarda. Sai muryoyi da yawa suka taso tare, ba a rarrabe kalmomin, amma ba wanda ya yi shakkar abin da suke nufi.

"Sun ce sun wakilta shi, Malam. Ni ma haka."

"Mun ji, mun shaida."

Isyaku ya miƙa hannu zai ɗauki wayar, Alhaji ya tare shi.

"Baiwar Allah, abincin jiya da me kuka dafa?"

"Da ƙofar ofishin hedimasta, Alhaji. Shi ya ce a cire. Rabinta ya rage na yau."

Wayar ta yanke da kanta. Alhaji ya dubi garejin, sannan ya laluba aljihu ya ciro makullin ƙofar ya ajiye a gaban Isyaku.

"Ni na fita. Kayan mutane ne, ga wakilinsu. In zai zuba su a kwata ma, shi da su." Ya miƙe yana kaɗe riga. "Ƙaramar motata tana nan ba ta komai. Ba a kwashe buhu talatin da Adaidaita Sahu a yini ɗaya."

Ba a kwashe ba kuwa. Maman Chisom ta tara matan layinta su shida, aka shimfiɗa leda a bayan rumfuna, ana farke buhu ana awo. Wata ta ce waken Alhaji yana da tsakuwa, Maman Chisom ta ce ita ma garinta yana da yashi, a ci gaba. Kafin La'asar garin layin gaba ɗaya ya ƙare, har da mai tsami da ba kowa ke saye ba. Aka aika Sabon Gari aka samo buhu huɗu. Matan Darmanawa suka kawo ƙuli-ƙuli a bokitai da kwalla, wani da sauran zafinsa, suka tafi da masara. Isyaku ya yi sawu tara tsakanin gareji da kasuwa, rigarsa ta yi fari fat. Mutumin da ya ce ɗan Adam ba a iya masa ya tsaya a bakin titi yana kallo, daga baya ya shiga kanti ya fito da sukari rabin buhu, ya ce a sa, amma kada a ce shi ne.

Da rana ta yi sanyi aka tsaya. Wake buhu takwas ya rage ba a samu abin musanya shi ba, dawa ma tana nan yadda take. Isyaku ya ce a ɗora su haka. Kabiru ya ɗaure tamfol, ya ce tunda yake tuƙi bai taɓa kai garin kwaki Zamfara ba, in sojoji suka tambaye shi zai ce siminti ne. Alhamis da sassafe ya tashi. Kanwar da Alhaji ya ce a sa tana gaban mota a cikin baƙar leda.

Juma'a Kabiru ya kira daga Funtuwa a hanyar dawowa, ya ce ya sauke lafiya, bai tsaya ba. Asabar ba wanda ya kira. Isyaku ya fita aiki kamar kullum, wayar tana aljihun gaba, yana taɓa ta duk sanda ya tsaya a danja. Ya gwada lambar malamin sau da yawa, ana ce masa a kashe take.

Lahadi da hantsi, yana cikin layin shan mai, ta yi ƙara.

"Auta, wannan gari naku wane iri ne? Wani buhun tsami kamar an jiƙa tsamiya. Tsofaffi sun ce abincin 'yan kudu ne, ba za su ci ba. Kwana ɗaya suka yi suna fushi, yanzu su ne kan gaba. Yara kuma ba su san yana kumbura ba, suka ci a bushe suka sha ruwa, sai ga cikuna kamar tulu."

"Yaya, jiya kin je?"

"Ina?"

"Itace."

"Ba wanda ya je. Mai unguwa ya hana. Ya ce a ci na jiƙawa har ya ƙare, wuta sai don kunun jarirai, wannan kuwa kara ma ya isa. An auna, an ce zai kai kwana goma sha biyu in an yi hankali."

Ya jingina da jikin mashin. Na bayansa ya danna masa oda, layi ya matsa, bai motsa ba.

"Rukayya fa?"

"Shiru har yanzu. Jaririn yana wajen ƙanwar mijinta." Iska ta ɗauke wani abu da ta faɗa, sannan muryar ta dawo. "Waken kuma yana ofishin hedimasta, an jera shi a bakin ƙofa tunda ba ƙofar. Ka gaishe min da Alhaji da Liman. Ka ce wake ya iso lafiya, mun gode."

"Bayan kwana sha biyun fa?"

"Layi yana nan inda ya tsaya. Ni ce ta farko." Ta faɗe shi kamar mai faɗin ranar kasuwa. "Bari in sauka, ana jira."

Ya tura mashin ɗin gaba ya sha mai. Daga nan ya nufi Tarauni, ya tarar Maman Chisom tana kwance ƙullin rumfa, dawowarta ke nan daga coci. Ya tambaye ta yaushe motar gari ke zuwa daga kudu. Ta ce Talata, kamar kullum, shi da ke ɗauko mata ne zai tambaya? Ya ce ya sani, so yake ya ji ko buhu nawa take kawowa in an yi mata magana da wuri. Makullin garejin yana aljihunsa, Alhaji bai ce ya dawo da shi ba, kuma jiya da yamma wani daga Daurawa ya kira ya ce yana da gudummawa, wake buhu biyu.